Adalci Wajen Zaɓen Yara Masu Hazaƙa

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya raba basira tsakanin bayinsa bisa hikimarsa ba tare da ya shawarci kowa ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, kowace shekara idan lokacin jarrabawa ya zo akan tara yara daga birni da ƙauye, a ba kowa takarda iri ɗaya, domin a fitar da waɗanda za a kai makarantun da aka keɓe wa masu hazaƙa. Masu nema dubbai ne, guraben kuwa kaɗan ne. Wanda aka ɗauka yakan sami ƙwararrun malamai da ɗakin gwaje-gwaje da wurin kwana, sau da yawa kuma daga nan hanyarsa ta zama likita ko injiniya take miƙewa. Wanda aka bari, idan ɗan talaka ne, mai yiwuwa ne ƙofar da ta rufe masa a ranar nan ba za ta sake buɗewa ba har ya tsufa. Al'amarin da yake yanke wa ƙaramin yaro makomarsa haka hukunci ne, kuma duk mai hukunci tsakanin mutane Allah zai tambaye shi. To, yaushe ne za a ce an yi adalci a irin wannan zaɓe?

Mutanen ƙasar Madobi da maƙwabtansu na Kura da Bunkure sun ga manyan ayyuka biyu da Gwamnatin Jihar Kano ta yi kusa da su, shekara uku tsakaninsu. Na farko shi ne madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, da hanyoyin ruwan da suka taso daga gare ta suka bi ta Kadawa, har gonakin da a da ba su san shuka ba sai da damina suka koma suna ba da alkama da tumatir da albasa a tsakiyar rani. Na biyu shi ne makarantun sakandaren kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda aka buɗe a 1977 zamanin Kanar Sani Bello, aka kuma kafa musu hukuma ta kansu. Dalilin kafa su shi ne ƙarancin likitoci da injiniyoyi 'yan asalin jihar. Sai aka tsara a riƙa yi wa ɗaliban aji biyu na sakandare jarrabawa, a tsamo waɗanda suka yi fice, a tara su wuri ɗaya. A 1981 aka buɗe ta 'yan mata a Taura, wadda yanzu take cikin Jihar Jigawa. Ita ma Gwamnatin Tarayya ta buɗe makarantar masu hazaƙa a Suleja a 1990.

Wannan niyya tana da tushe a addini. Malamai sun sanya ilmin likitanci da lissafi da sauran sana'o'in da al'umma ba ta iya rayuwa sai da su cikin farillan kifaya, watau wajibin da idan wasu suka tsaya da shi ya faɗi daga kan saura, idan kuwa aka rasa mai tsayawa kowa ya yi laifi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya koka a cikin littafinsa Ihya'u da yadda akan sami garin Musulmi babu likita Musulmi ko ɗaya, alhali ɗalibai sun yi cincirindo a kan fannonin da suke kai mutum ga muƙami da suna. Idan haka ne, kujerar makarantar kimiyya an kafa ta da dukiyar jama'a domin a sauke wajibin jama'a, saboda haka amana ce a hannun wanda aka ba rabonta. Aya ta 58 a Suratun Nisa'i ta haɗa umarni biyu a wuri ɗaya, mayar da amana ga mai ita da yin hukunci da adalci, kuma duka biyun sun hau kan mai zaɓen ɗalibai.

ALFARMA

Zalunci na farko a wannan fage kowa ya san shi, shi ne alfarma. An gama duba takardu, an jera sunaye, sai ga 'yar wasiƙa daga wani babba. Da yake gurabe ba sa ƙaruwa, ba yadda za a yi a shigar da suna sai an goge wani. Wanda aka goge ba ya cikin ɗakin, bai ma san an taɓa rubuta shi ba. Shi da mahaifinsa za su ce haka Allah ya ƙaddara, su koma gona, mai alfarmar kuwa ya kwana yana ganin ya yi zumunci. Alƙur'ani, a aya ta 85 ta wannan sura ta Nisa'i, ya raba ceto gida biyu, mai kyau da mummuna, ya kuma ba mai yin kowanne rabonsa daga gare shi. Ceton da zai ba wani haƙƙin wani yana cikin kashi na biyu. Buhari da Muslim sun ruwaito yadda ran Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɓaci ƙwarai sa'ad da Usama ɗan Zaidu ya nemi a sassauta wa wata mace 'yar babban gida daga Banu Mahzum, har ya tashi ya yi huɗuba ya bayyana cewa fifita manya a kan masu rauni wajen hukunci shi ya halaka al'ummun da suka gabata. Haka kuma malamin da ya sayar da tambayoyi, ko ya ƙara maki, ya sani takardar sakamako shaida ce, shaidar zur kuwa tana cikin manyan zunubai.

Zaton cewa basira gadon gidan sarauta ce ko gidan dukiya tsohon zato ne. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashe na musamman domin 'ya'yan sarakuna. Tun kafin wannan da dubban shekaru Banu Isra'ila sun ƙi sarautar Ɗalutu don ba shi da wadata, aka amsa musu, kamar yadda ya zo a aya ta 247 ta Suratul Baƙara, cewa zaɓen Allah ya faɗa kansa saboda yalwar ilmi da ƙarfin jiki.

Wannan ba ya nufin a hana ɗan babban gida idan ya cancanta. Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, yakan shigar da Abdullahi ɗan Abbas majalisarsa tare da dattawan da suka halarci Badar, har wasu suka nuna rashin jin daɗi, suna cewa su ma suna da 'ya'ya sa'anninsa. Yaron kuwa ɗan baffan Annabi ne, saboda haka zargin son kai yana da wurin shiga. Umar bai tsaya gardama ba. Ya tara su, ya yi musu tambaya ɗaya game da ma'anar Suratun Nasri, kowa ya faɗi abin da ya gani, sa'an nan Ibn Abbas ya ce a cikinta akwai sanarwar kusantowar ajalin Annabi, Umar ya tabbatar da haka. Tambaya ɗaya ga kowa, a bainar jama'a, ita ce ta kashe zargin.

MUDU DA RUWA

A ɗauka an kawar da alfarma ƙaf, an tsare takardu, an duba su da gaskiya. Shin adalci ya cika? Manomin rani ya fi kowa sanin amsa. A shuka iri ɗaya, rana ɗaya, a gonaki biyu, ɗaya a bakin babbar hanyar ruwa, ɗaya can a wutsiyarta inda ruwa ba ya isa sai na sama sun ƙoshi, wani lokaci ma ciyawa ta toshe hanyar. Ranar girbi a auna su da mudu ɗaya. Mudun bai yi ƙarya ba, gonar farko ta fi. Amma wanda ya dubi buhunan ya ce irin gona ta biyu ne ba shi da kyau, ya yi kuskure, domin abin da mudun ya auna ya haɗa kyawun iri da yawan ruwan da ya sha, bai raba su ba.

Haka jarrabawa take. A misalta yara biyu. Ɗaya ya tashi a cikin birnin Kano, ya fara makaranta tun yana shekara uku, yana jin Turanci a gida, an ɗaukar masa malamin da ke bi masa tambayoyin shekarun baya kowace yamma. Ɗaya kuma yana wani ƙauye a ƙasar Madobi, a aji mai cunkoso. Daga farkon sanyi har zuwa bazara rabin hankalinsa yana gona, yau ban ruwa, gobe tsinkar tumatirin da za a kai Kwanar Gafan, idan shinkafa ta fara nuna kuma shi ne mai koran tsuntsu daga asuba. Takardar da ake cike amsa da fensir bai taɓa ganin irinta ba sai ranar jarrabawa. Amma wannan yaro yana iya lissafa kuɗin kwando arba'in a ka, ya cire ladan dillali da kuɗin mota, kafin mahaifinsa ya gama ƙirga na hannunsa. Na farko ya ci maki 75, na biyu ya ci 65. Ba wanda ya cuci kowa a ɗakin jarrabawa. Duk da haka mai hankali ba zai yi rantsuwa cewa na farko ya fi na biyu kaifin ƙwaƙwalwa ba.

Harshe ma wani shinge ne. Tambayar lissafi da aka rubuta da Turanci tana gwada Turancin yaro kafin ta kai ga lissafinsa. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta amince da a fara koyar da yara da harshen uwa ko harshen yankinsu a ajujuwan farko na firamare. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka fara a Jami'ar Ife a 1970, inda aka koyar da wasu yara da Yarabanci shekara shida cur, ya nuna cewa yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har sun fi su a darussa da dama. Shi kansa Alfred Binet, Bafaranshen da ya ƙirƙiro gwajin basira na zamani a 1905, ya yi shi ne don a gano yaran da suke bukatar ƙarin taimako, ya kuma yi gargaɗi kada a ɗauki sakamakon a matsayin iyakar da yaro ba zai taɓa wucewa ba.

YARON DA BAI YI MAGANA BA

Akwai wata ƙofa kafin ƙofar jarrabawa, wadda ba a cika kula da ita ba. Ba kowane yaro ake rubuta sunansa ya zauna ba. Wani mahaifinsa bai ji labarin jarrabawar ba, wani babu kuɗin fom ko na mota zuwa cibiya, wani kuma malaminsa ne bai ga alamar komai a tare da shi ba. Idon malami kuwa, kamar idon kowa, ya fi saurin faɗawa kan yaro mai tsabtar tufafi, mai ɗaga hannu, mai baki.

Buhari ya ruwaito cewa wata rana Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba, wadda ta yi kama da Musulmi. Mutane suka shiga ambaton itatuwan daji. Abdullahi ɗan Umar ya gane dabino ake nufi, amma da ya duba ya ga shi ne ƙarami a wurin, ga manya sun yi shiru, sai kunya ta hana shi magana. Daga baya da ya gaya wa mahaifinsa, Umar ya nuna masa cewa da ya faɗa, da ya fi masa daɗi a kan dukiya mai yawa. Wannan hadisi ya kamata kowane malamin makaranta a ƙasar Hausa ya riƙe shi da kyau, domin a nan ana tarbiyyar yaro da sunkuyar da kai gaban manya, musamman ɗan ƙauye, balle 'ya mace. A kowane aji ana iya samun mai amsa a zuci wanda kunya ta rufe wa baki. Da ba don ɗan Umar ya ba da labarin da kansa ba, da ba wanda zai san akwai mai amsar a majalisin.

Suratu Abasa ma gargaɗi ce a kan wannan. An saukar da farkonta game da Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho, wanda ya zo neman sani a lokacin da Annabi yake fuskantar manyan Ƙuraishawa da fatan su musulunta. Idan Allah ya yi wa fiyayyen halitta tunatarwa a kan wannan, ina ga shugaban makarantar da yake zaɓen waɗanda za su zauna jarrabawa da kallon fuska?

Abin da aka gani a wasu ƙasashe ya ƙarfafa wannan magana. A 1921 wani masani a Amurka, Lewis Terman, ya fara tattara yara masu hazaƙa kimanin 1,500 a Jihar Kalifoniya, mafi yawansu malamansu ne suka fara miƙa sunayensu, ya bi rayuwarsu shekara da shekaru. Babu ɗaya daga cikinsu da ya ci kyautar Nobel, amma yara biyu da gwajinsa ya bari a waje, William Shockley da Luis Alvarez, kowannensu ya ci ta a fannin kimiyya, ɗaya a 1956, ɗaya a 1968. Har wa yau a 2005 gundumar Broward ta Jihar Fulorida ta daina dogara da sunayen da malamai da iyaye suke kawowa, ta shiga gwada kowane yaro ɗan aji biyu da gwajin da bai dogara da harshe ba. Binciken da David Card da Laura Giuliano suka yi ya nuna cewa yawan 'ya'yan talakawa da baƙar fata da aka gano suna da hazaƙa ya ƙaru ƙwarai. Yaran suna zaune a ajujuwan tun da can, ba a dai taɓa tambayarsu ba.

HAƘƘIN MAI MAKI 75

A nan mai gardama zai tashi, kuma gardamarsa tana da nauyi. Zai ce yaron birni bai saci makinsa ba. Ya yi karatun dare, mahaifinsa ya hana kansa jin daɗi ya biya kuɗin makaranta. Da wane laifi za a ture shi a ɗauki wanda bai kai shi maki ba? Ashe ba a gyara zalunci da zalunci ke nan ba? Zai ƙara da cewa Nijeriya ta daɗe tana jayayya a kan bambancin makin shiga makarantun haɗin kan ƙasa daga jiha zuwa jiha, kuma al'umma idan ta tashi neman likita, ƙwararre take nema.

Ba a ture wannan magana da hannu ɗaya. Musulunci bai yarda a ɗora wa wani laifin wani ba, bai kuma yarda a tauye wa mutane kayansu ba, ko mawadata ne. Amma a duba me maki yake. Makarantar masu hazaƙa an kafa ta ne don a samo waɗanda za su fi ɗaukar ilmi mai zurfi idan aka ba su dama, maki kuwa shaida ce a kan haka. Alƙali nagari yana karɓar shaida, yana kuma duba halin da aka ba da ita da alamomin da suka kewaye ta. Maki 65 daga makarantar da ba wanda ya taɓa wuce 50 a cikinta shaida ce mai ƙarfi, mai yiwuwa ta fi 75 daga makarantar da rabin aji suke cin 80. Wanda ya yi la'akari da wannan yana neman mafi cancanta ne da ido biyu.

Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa hukuncin da Annabi ya yi game da ruwan kwarurrukan Mahzur da Muzainib a Madina, cewa mai gonar sama ya riƙe ruwa gwargwadon idon sawu, sa'an nan ya sake wa na ƙasa. Hukuncin na ruwa ne, amma akwai abin lura a cikinsa. Ba a hana na sama shansa ba, ba a kuma bar shi ya tare ruwan duka don kawai Allah ya ajiye gonarsa a gaba ba. A bisa wannan misali, hanyar da ta fi kusa da adalci ita ce a bar wani kaso na gurabe ga mafi yawan maki ko daga ina yaro ya fito, a ware wani kaso ga waɗanda suka yi fice a makarantun karkara, kowa a gwada shi da waɗanda suka sha ruwa irin nasa, tare da ƙayyade makin da ba a sauka ƙasa da shi. Ƙasar Indiya ta bi irin wannan hanya a makarantun kwana na Navodaya da ta fara kafawa gunduma gunduma bisa manufar ilminta ta 1986, inda aka ware aƙalla kashi 75 cikin ɗari na gurabe ga yaran karkara, da kashi ɗaya cikin uku ga 'yan mata.

Sai dai akwai sharuɗɗa, in ba haka ba gyaran ya zama sabuwar ƙofar alfarma. Dole a shelanta ƙa'idar tun kafin jarrabawa, a liƙa sakamako inda kowa zai gani, kada a bar wa mutum ɗaya ikon sassauci a ɓoye. Dole kuma a duba makarantar da yaro ya yi karatu a cikinta, kamar yadda Indiya take yi, domin idan takardar shaidar asali kaɗai aka bi, ɗan babban ma'aikacin da aka haifa a birni, wanda bai san hanyar ƙauyen kakansa ba sai da salla, shi zai zo ya cinye rabon mai koran tsuntsu da sunan Madobi.

ƘOFA FIYE DA ƊAYA

Gwaji ɗaya a rana ɗaya ba ya isa. Zaidu ɗan Sabitu maraya ne, yana da kimanin shekara 11 sa'ad da Annabi ya iso Madina, kuma an mayar da shi gida lokacin Badar saboda ƙuruciya. Amma danginsa sun gabatar da shi da cewa ya haddace surori fiye da goma, aka saurari karatunsa, aka umarce shi ya koyi rubutun Yahudawa, ya iya cikin kimanin rabin wata. Wannan yaro shi ne Sayyidina Abubakar ya ɗora wa aikin tattara Alƙur'ani daga baya. Da ma'aunin yaƙi kaɗai aka tsaya a kai, da an sallame shi.

Malaman tsangaya ba su san takardar jarrabawa ba, amma sukan gane wanda zai zama gwani tun yana ƙolo, saboda sun daɗe suna kallon yadda yake wanke allo. Musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa, wadda cibiyar nazarin addinin Musulunci ta jami'ar Sakkwato ta fara a 1986, tana tasowa ne daga ƙananan hukumomi zuwa jiha zuwa ƙasa, shi ya sa takan fito da yara daga garuruwan da ba a zata ba. Yaron da ya haddace izu sittin ya riga ya ba da hujja a kan ƙwaƙwalwarsa da juriyarsa, amma ma'aunin boko bai san da zamansa ba. Ya kamata hukumomin ilmi su buɗe wa irinsa hanyar share fage, su kuma ba wanda ya faɗi bana damar sake gwadawa baɗi.

Gano yaro kuma somin taɓi ne. Masu tarihi sun ruwaito cewa Abu Yusuf ɗan talaka ne a Kufa, har mahaifinsa ya janye shi daga majalisin Imamu Abu Hanifa don ya nemi abinci. Malamin ya lura ba ya ganinsa, ya neme shi, ya ba shi dirhami 100, ya ci gaba da ɗaukar nauyinsa. Wannan ɗalibi shi ya zama babban alƙalin daular Haruna Rashid, ya rubuta littafin Haraji wanda ya yi bayanin hukuncin ƙasa har da rabon ruwan koramu. Abu Hanifa ya gane cewa uban ba maƙiyin ilmi ba ne, bukata ce ta matsa shi. Haka manomin da ya riƙe ɗansa lokacin kakar tumatir, hannu yake nema. Attajiran Kura da Madobi da suka arzuta da ruwan Tiga suna da babbar sadaka mai gudana a gabansu, idan kowannensu zai biya wa yaro ɗaya kuɗin fom da na mota da tufafi, ya kuma rage wa uban asarar hannun da ya tafi. Haka nan 'yan mata. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi malaman zamaninsa a cikin Nurul Albabi da barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kai ilmi har ƙauyuka ta hanyar 'Yan Taru. Jama'ar da take son mace ta duba matanta a asibiti, wajibi ne ta bar yarinya mai basira ta zauna jarrabawa.

WAƊANDA AKA BARI

Saura magana ɗaya. Tun lokacin da aka kafa makarantun kimiyya na Kano akwai masu sukar cewa za a tara gata a kan 'yan kaɗan a bar saura. Makarantun sun fitar da likitoci da injiniyoyi masu yawa, wannan ba a musunsa, amma sukar ba ta mutu ba. Annabi ya ƙi zama shaida ga Bashir mahaifin Nu'umanu sa'ad da ya yi wa ɗa ɗaya kyauta ya bar sauran, ya umarce shi da adalci tsakanin 'ya'yansa. Malamai sun ba da izinin a fifita wani ɗa saboda dalili, kamar neman ilmi ko rashin lafiya, matuƙar ba a tauye wa sauran abin da ya wajaba ba. Hukuma uwa ce ga dukan yara. Tana iya keɓe masu hazaƙa don sauke farillar kifaya, amma ba ta da izinin barin firamaren ƙauye babu malami, domin a can ne ake yanke hukuncin gaskiya, shekaru kafin ranar jarrabawa. Ware gurabe magani ne na ɗan lokaci, yashe hanyar ruwa har wutsiya shi ne aikin da ya rage.

Shi kuma yaron da aka zaɓa, a koya masa cewa basira baiwa ce da za a tambaye shi a kanta, kuma da kuɗin jama'a aka karantar da shi, har da na iyayen waɗanda aka bari. Ƙaruna ya halaka ne a ranar da ya jingina abin da aka ba shi ga saninsa.

Allah ya ba shugabanni da malamai ikon riƙe wannan amana, ya tsare su daga goge sunan wanda ba ya nan balle ya kare kansa. Allah ya buɗa wa yaran Musulmi na birni da na ƙauye, maza da mata, ya sanya albarka a cikin karatunsu. Allah shi ne mafi sani.